Ruwan da Na Ce Ya Tsaya a Idon Sawu

Damina goma sha tara ke nan da muka binne ɗana Ishaya. Da damina nake ƙirga shekara, don ban yi makaranta ba, kalandar da ke ɗakina ma hoton jikinta kawai nake kallo. Mai rubuta wannan magana matarsa ce, Rahila, malamar firamare, wadda ta ƙi sake aure ta zauna tana dafa mini abin da haƙorana za su iya. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara, kada ta sassauta. Kowace shekara a irin wannan lokaci mukan je coci a yi addu'a, fasto ya ce Ishaya mutumin kirki ne da ya yi kuskure ɗaya a aikinsa, mu ce amin. Bana na gaji da wannan amin ɗin.

Mun sauko daga ƙauyenmu na kudu, ni da mahaifinsa, tun masaƙun Kakuri suna aiki. Muka samu wuri can ƙasa da Romi, a wani layi da ake kira Layin Gwaza saboda gwazar da mu mata muke shukawa a fadamar wurin. Babban kogi yana gabanmu, wani ɗan rafi yana bayanmu, yana zagayawa ya je ya zuba a cikin kogin. Gida tara ne a layin. Mahaifin Ishaya yana masaƙa, ni ina lambu, da haka yaron ya tafi makarantar kwana.

Yana can makarantar aka yi babban ruwa. Da rana tsaka ya zo. Muna tsaye muna kallon kogi a gabanmu, sai muka ji sanyi a dugaduganmu, muka juya, ashe rafin baya ne ya juyo da gudu. Kafin a kwashe awaki ya kai gwiwa, kafin a fitar da tsofaffi ya kai ƙugu. A ɗakina akwai ƙusar da nake rataye faifai, daidai ƙirjina. A nan ya tsaya. Kwana uku muka yi a cocin kan tudu. Da ya janye ya bar jan layi a bango, kamar an ja da zare.

To mu mutanen kudu muna da al'ada. Kafin Kirsimeti kowace mace takan yaɓe ɗakinta ta shafe shi da farar ƙasa, don kada haihuwar Ubangiji ta same ta da bango mai datti. Haka muka yi. Da Ishaya ya zo hutu bango fari fat, aka ce masa ruwa ya ɗan shigo, don kada hankalinsa ya rabu da jarrabawa. Shekara ta bi shekara, shafe ya hau kan shafe. Mazan da suka ga ruwan wasu suka mutu, har da mijina, wasu suka koma ƙauye da masaƙu suka rufe. Muka rage mu biyar, duk mata.

Ishaya ya gama jami'a, ya karanta ilimin ƙasa da ruwa. Shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki ya samu aiki a wani ofishi da aka ɗora wa binciken ambaliya. Ba a daɗe ba aka yi tashin hankalin nan da ya raba garin Kaduna gida biyu. Mutanenmu suka riƙa ƙetaro gada da katifa a ka, kowa na neman inda zai kafa bulo a wannan gefen kogi. Fadamar da a da ba mai kallonta sai ta zama abin so.

Wata rana ya ɗauke ni a babur ya kai ni ofishinsu, ya ce sai na ga abin da ke hana shi zuwa cin tuwona. Ya zaunar da ni gaban kwamfuta. Ashe duk unguwarmu ya zuba a ciki, tudu da kwari, kogi da rafi, har kwalbatin bayan coci. Ya nuna wani ɗan ɗigo ya ce, “Mama, ga gidanki.” Na ce in gidana ne ina kajina? Ya yi dariya har abokan aikinsa suka leƙo.

Ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce shi da manyansa gardama suke yi. Su suna cewa kogi ne kawai ke cika ya tumbatso ta gaba. Shi kuwa yana cewa idan kogi ya cika yakan ƙi karɓar ruwan rafi, rafi ya rasa inda zai zuba, sai ya juya ya shigo wa mutane ta baya. Ba za a iya jiran ambaliya ta zo ta raba gardama ba, don haka sai a zuba ruwan gwaji a cikin kwamfuta, irin yawan wanda aka yi a waccan shekarar, a ga inda zai bi. Ya danna ya zuba bisa maganar manyansa, shuɗi ya ɗan lashi bakin layinmu, ya ce wannan idon sawu ne. Ya sake dannawa bisa tasa maganar. Na ga shuɗin ya taso daga baya, ya bi ta kwalbati, ya haɗiye ɗigon da ya ce gidana ne. Ya ce wannan ƙirji ne. Abin da na gani da idona shekaru da suka wuce shi ne yake tafiya a gilashin nan, har inda ya fara lanƙwasa. Ya ce abin da ya rage shaidar waɗanda suka ga ruwan, cikin maganganun biyu duk wadda ta dace da bakin tsofaffi ita ce gaskiya, kuma ranar Asabar zai zo.

Bayan taron zumuntar mata a coci na gaya wa sauran huɗun. Tabitha ce babbarmu, mai sayar da burkutu a da, mai baki. Ta tuna mana yadda a zamanin soja aka zo wata unguwa da ke kusa da mu da jan fenti, aka yi wa gidaje alama, bayan mako biyu katafila ta zo. Ta ce farar hula ma gyaran gari suke ta faɗa a rediyo, kuma duk takardar da ta ce ƙirji katafila ce ke bin bayanta. Ta ce mu gwauraye ne, in aka rushe mu ina za mu, ƙauyen da muka bari tun muna da haƙora? Sannan ta kalle ni ta ce, “Maman Ishaya, mu ba zai yarda da mu ba. Ke zai yarda da ke.” Muka tsayar da magana za mu ce a idon sawu ya tsaya, kuma ta gaba ruwan ya zo.

Ranar Asabar da hantsi Ishaya ya zo da tef ɗin awo da littafi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuya ta taɓa idon sawunta. Na hango shi yana girgiza kai. Ni ya bari a ƙarshe. Ya same ni ina ɓare gyaɗa a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi kwana da gajiya da ƙafar da ke damuna, sannan ya ce, “Mama, ke za ki raba gardamar nan. Ina ruwan ya tsaya?”

Na ajiye gyaɗa. Na sunkuya na taɓa idon sawuna.

Ya tambaya ta ina ya shigo, na nuna kogi. Ya shiga ɗakina ya daɗe yana kallon farin bango, faifai na rataye a ƙusarsa daidai inda ya kamata ya duba. Ya fito yana murmushin da bai kai ido ba. Ya ce shekara biyu yana gina wannan tunani, amma a aikinsu duk tunanin da ƙasa ta ƙi jefar da shi ake yi, kome sonka da shi. Ya ce, “To na'ura ce ta yi ƙarya.” Ya ɗebi gyaɗa ya zuba a aljihu ya tafi.

Ya je gaban manyansa ya janye maganarsa. Suka yaba masa, suka ce yaro ne mai jin gyara. Taswira ta fito da sa hannunsa a ƙasa, Layin Gwaza babu shuɗi ko ɗigo. Ɗan Tabitha ya samo kwafinta ya manna a ƙofar mai unguwa. Daga nan masu neman fili suka yi mana caa. Muka yanka lambunanmu muka sayar, har da ni. Aka cike fadama da ƙasa, aka matse rafi da katanga hagu da dama har ya koma kamar lambatu.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani makaniki daga Kakuri, Oga Emeka, wanda aka ƙona masa gida a ƙetaren kogi. Shi bai yarda da takardar ƙofar mai unguwa ba, sai da ya nemi Ishaya da kansa ya ce, Injiniya, gaya mini tsakaninka da Allah. Ishaya ya ce masa tsofaffin wurin sun shaida ruwa bai taɓa wuce idon sawu ba, kuma cikinsu har da uwar da ta haife shi. Emeka ya gina a ƙarshen layi, bayansa na jingine da rafi. Yana da 'ya, Ngozi, shekararta huɗu. Takan zo ƙofata da kwanonta in sa mata dafaffen gwaza, tana kirana Kaka, Hausa a bakinta ta fi ta ubanta.

A damina ta uku aka yi kwana biyu ana ruwa. Safiyar rana ta uku ya ɗauke, rana ta fito. Maza suka fita bakin kogi suna jera buhunan yashi, don takarda ta ce ta nan haɗarin yake. Ni tun da sassafe na kalli launin rafi na gane. Na ɗaure buhun masarata da akwatin kayana na rataye su a jikin katakon rufi. Sannan na fita na tsaya cikin mutane ina kallon kogi, bayana yana mini ƙaiƙayi. Kalma biyu ce, ku juya. Na ga Tabitha, ita ma ta gan ni, kowa ya kawar da kai. In na ce su juya za a ce yaya aka yi na sani.

Ta baya ya zo, ta hanyar da shuɗin nan ya bi. Ngozi tana kwance da zazzaɓi, uwarta ta ja ƙofa ta ruga kemis sayen magani. Bayan kwana biyu aka samu gawar yarinyar a cikin rake, can ƙasa.

Da ruwa ya janye Ishaya ya zo. Gidajenmu na da, wasu sun zube, wasu an riga an mayar da su na bulo, ɗakina kaɗai ya rage da tsohon bango. Ruwa ya jiƙa shafen shekaru ya ɓamɓare shi falle-falle. Layi biyu ne a bangon, sabo da tsoho, tsakaninsu bai kai faɗin yatsu uku ba, ƙusar faifai a tsakiya. Ya tsaya yana kallo. Ya ɗaga kai ya ga buhun masara a rataye, busasshe. Ya zaro tef ya auna tsohon layin, ya buɗe littafi, sai ya rufe bai rubuta ba. A waje muryoyin 'yan'uwan Emeka muke ji, sun cika layi, ga gari da ma a kan ƙaya yake. Ya sunkuya ya kwashi taɓo daga ƙasan ɗaki da hannunsa, ya bi tsohon layin yana shafewa, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ina tsaye a bayansa. Bai juyo ba.

A ƙofar mai unguwa aka taru. Emeka ya shaƙe masa wuyan riga yana kuka, yana cewa ka ce mini idon sawu. Ishaya bai ɗaga hannu ba. Ya ce, “Kuskuren nawa ne. Ni na sa hannu.” Tabitha ce ta fi kowa ɗaga murya. Ta ce mu jahilai me muka sani, shi ne mai kwamfuta, shi ya kawo mana takardar da ta cuce mu. Sauran ukun suka ce haka ne. Aka juyo gare ni. Na ja mayafi na rufe fuska, mutane suka ce kunyar abin da ɗanta ya yi ce, Allah sarki.

Daga ranar sunansa ya koma Injiniya Idon Sawu. Masu acaba a Sabon Tasha in sun gan shi sai su ɗaga ƙafar wando su ce, Injiniya, yau ina ruwa zai tsaya? Manyansa, waɗanda maganarsu ce aka zana a taswirar, suka ce ai sa hannunsa ne a ƙasa, suka sallame shi. Ya koma koyar da lissafi a wata ƙaramar makaranta. A kasuwa ana nuna Rahila da baki. Ya rame, jininsa ya hau.

Bai daina zuwa wurina ba. Kowace Lahadi bayan coci zai zo da burodi da maganin ƙafa, ya durƙusa kamar kullum. Amma ku da kuke jin Hausa kun san gaisuwarmu tambaya ce, ina kwana, ina gajiya, yaya jiki, yaya ƙafa. Ishaya bai ƙara yi mini ko ɗaya ba. Sai dai ya ce barka da rana, Mama, ga magani. In yana son sanin ko na ci abinci Rahila yake tambaya, ina zaune. Damina biyu muna haka. Ya rufa mini asiri a gaban duniya, amma bai ƙara ɗaukar wata magana daga bakina ba, ko ta lafiyar jikina. Ranar da ya rasu a asibiti, da la'asar, na zauna a bakin gadonsa ina jira ya ce don me. Na shirya amsa, na shirya katafila da jan fenti da gwauranci. Ya buɗe ido ya kalli taga ya ce wa matarsa, “A mayar da Mama gida, hadari na haɗuwa.” Shi ke nan abin da na samu.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Abin da ya cika tebur a ofishinsu yanzu yana cikin wayar da jikokina ke riƙewa, suna gaya mini za a yi ruwa jibi tun sama na wasai. Mulkin farar hula ya daɗe har an haifi waɗanda ba su san wani ba, masu neman ƙuri'a sun zo layinmu sun tafi ba adadi, kowa da alkawarin kwalbati. Layin Gwaza ya haura gida tara tuni, har da benaye, babu gwaza ko tushe ɗaya. Rafin kuwa yaro ma tsallake shi yake yi, cike da leda. Ruwa ya sake shigowa sau da dama, amma bai kai na waɗancan shekaru biyu ba, sai mutane suka ɗauka wancan tsautsayi ne da ba ya maimaituwa. Yawancinsu ma ba su san an taɓa yi ba.

Farkon daminar bana wasu matasa suka zo da riguna masu ƙyalli da wani ɗan jirgi mai ƙugi kamar zuma, yana shawagi a kan rufinmu. Shugabarsu yarinya ce mai ladabi. Ta ce su ma sun zuba unguwar a kwamfuta, kuma tana ta nuna musu ruwa ta baya, amma akwai tsohon bincike da ya ce babban ruwan farko a idon sawu ya tsaya, don haka suna shakkar na'urarsu, suna neman tsofaffi. Mu biyu muka rage. Suka fara da Tabitha, wadda ta makance tana zaune a kujera. Na ji da kunnena ta ce idon sawu, 'yata, har ta laluba ta taɓa. Da suka zo gare ni na ce su dawo gobe. Ba su dawo ba.

Tabitha ta aiko mini cewa in na buɗe baki jikokina ne a titi. Mai yiwuwa gaskiyarta. Katafila ba ta mutu ba, jan fenti ma yana nan, kuma ba ni da tabbacin wanda zai rushe zai ba mu wani wuri. Tsoron da na ji a wancan lokaci ba na ƙarya ba ne. Amma na riƙe ɗakin nan shekara da shekaru, na san abin da na bayar aka bar mini shi. Yarinya mai kwanon gwaza, da ɗan da na haifa.

Rahila ba ta san wannan magana ba sai yau. Da na kai inda ya kwashi taɓo, ta ajiye biro ta fita. Na ji ta a bayan ɗaki. Ta daɗe har na ɗauka ba za ta dawo ba, kuma da ba ta dawo ba ba zan ga laifinta ba. Sai ga ta da wuƙa da tef ɗin mijinta, wanda ta adana a akwati. Ba ta kalle ni ba. Ta sauke faifai ta fara kankare bango. Farar ƙasa ta Kirsimeti ta riƙa zuba, shafe bayan shafe, har ta kai ga taɓon. Sawun yatsunsa huɗu suna nan a jiki, a bushe, yadda ya ja su. Ta tsaya a nan ta ɗora nata yatsun a kai. Sannan ta kankare gefe kaɗan, jan layin ya fito.

Ta ce, “Mama, tashi ki tsaya jikin bango.”

Na tsaya. Tsufa ya tanƙwara ni, layin da ke ƙirjina a da yanzu a haɓata yake.

Abin da ya rage na Ishaya ke nan. Ba a sa sunansa a titi ba, taswirar da ke ɗauke da sa hannunsa kuwa ƙaryata ce a ciki. Amma tunanin da ya jefar saboda ni yana nan da ransa, ya sake fitowa a na'urar waɗanda ba su taɓa jin sunansa ba, saboda yadda ƙasar wurin nan take ke nan tun kafin a haife mu. Yarinya mai ɗan jirgi, in jarida ta buga wannan magana ta kai gare ki, ki zo Layin Gwaza, ɗaki na uku daga kwalbati, bangon a buɗe yake, ba zan shafe shi bana ba. Wanda ya san inda Oga Emeka yake, ya karanta masa, ya gaya masa wuyan rigar da ya kamata ya shaƙe yana nan bai mutu ba.

Ta baya ruwan ya zo. A ƙirji ya tsaya. Na'urar ɗana ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi kuskure a lissafi ba. Uwarsa ya tambaya.